Inda Keken Geeske Ya Tsaya

Duk wanda ya tashi a Oldewier da ƙauyukan da ke kwance a bayan jingar teku ya san Sista Geeske Tammeling. In ma bai san fuskarta ba, ya san kekenta jingine a ƙofar gidan wani. Kusan shekara arba'in ta yi tana aikin jinya na bin gida-gida. Ita ke wanke gyambo, ita ke yin allura, ita ke juya tsohon da ya daɗe a kwance, in kuma kwana ya ƙare ita ke rufe wa mutum ido kafin likita ya iso. Ubanta ɗan ƙwadago ne, a gonakin dankalin wasu ya ƙare rayuwarsa. Keken farko da ta hau na yayanta ne, ƙafarta ba ta kai feda daga kan sirdi, sai dai ta tuƙa a tsaye. Tun daga nan ba ta sake yarda da wani abin hawa ba. Mijinta Tiddo ya yi fama da ita ta koyi mota, har Allah ya yi masa rasuwa ba ta koya ba.

Doguwar mace ce mai ƙarancin magana, irin mutanen yankin da gaisuwarsu ba ta wuce kalma ɗaya. Ana ganin girmanta, amma ba a cika zama hira da ita ba, don babu gidan da ba ta san abin da ke ƙarƙashin bargonsa ba.

Bayan ta yi ritaya sai jiki ya fara karɓar fansa. Amosanin gaɓɓai ya kama yatsunta, suka kumbura suka karkace, gwiwoyi ma suka bi sahu. 'Yarta Fenna, wadda ke koyarwa a birnin Groningen, ta kawo mata keken lantarki. Da farko Geeske ta raina shi, ta ce keken ragwaye ne. Amma ranar da ta fuskanci iskar teku a kan jinga ta ji yana tafiya da ita sumul, daga nan ta daina zaginsa.

Sai dai keken na da nauyi, ga gudu. Kansa miƙaƙƙe ne, dole ta sunkuya ta ɗora nauyinta a wuyan hannu, birkin kuma na waya ne mai tauri. Wata safiya tana shan kwana sai ga tarakta ta fito daga gona. Ta matsa birki, yatsu suka ƙi ba ta haɗin kai, ta kauce ta faɗa magudanar gefen hanya tsundum. Mai tarakta ne ya jawo ta, tsamo-tsamo, da gansakuka a gashi. Kafin ta kai gida labari ya kai birni.

"Mama, ya isa haka," in ji Fenna a waya. "Ki ajiye keken nan. Akwai bas."

"Bas ɗin da ke zuwa in ya ga dama?"

"Gara jiran bas da jiran motar asibiti."

"Ni na san motar asibiti kafin a haife ki. Zan kai wa Ubbo ya duba."

Ubbo Wiersema na gyaran keke a tsohuwar maƙerar da ke bayan coci. Ajinsu ɗaya da Geeske a firamare, bai taɓa aure ba, kuma shi kaɗai ne a garin ba ya sa mata Sista. Ta same shi a tsugunne yana ɗaure taya, rediyo na ta surutu a kan taga.

"Na ji an ce kin je gaida kwaɗi," ya ce ba tare da ya ɗago ba.

"Na je. Suna ta tambayar ɗan'uwansu mai gyaran keke."

Ya miƙe yana goge hannu. Bai kalli keken ba, hannunta ya kalla. Ya miƙa mata yatsunsa biyu ya ce ta matsa iya ƙarfinta. Ta matsa.

"Shi ke nan? Tsohuwa, wannan ko ƙwai ba zai fasa ba. Keken lafiyarsa ƙalau, ba dai naki ba ne a yadda yake."

Ya ce zai cire birkin waya ya sa mata na mai, wanda yatsa ɗaya ya ishe shi. Zai kuma sauya kan keken da mai lanƙwasa zuwa baya kamar ƙahon sa, ta zauna a miƙe, da mariƙi mai faɗi inda tafin hannu zai huta. Ya nuna mata bangon da ya rataye tsofaffin kawunan kekuna reras, ya ce ta zaɓa.

Geeske ta bi su da kallo. "Wancan na matar tsohon mai burodi ne. Wancan na malam Huizinga. Ba na son na mamaci, Ubbo. Rabin masu su ni na wanke su."

"To sabo zan yo miki, a kwalinsa. Kowa da tsirfarsa."

Ranar da kayan suka iso ta zauna a kan akwati tana kallon aikin. A gabanta ya farke kwalin. Ya zare tsohuwar waya, ya bi da siririn bututu ta jikin keken har ƙafar baya, ya haɗa 'yar wayar da ke kashe inji da zarar an taɓa birki. Sannan ya zuƙi mai a sirinji ya fara ɗurawa.

"Wa ya koya maka riƙe sirinji haka? Kamar mahauci."

"Majinyatana ba sa ƙorafi." Ya riƙa ƙwanƙwasa bututun da bayan sifana, ƙananan kumfa na haurowa. "In iska ta saura a ciki, birki ya yi laushi ya yaudare ki ranar da kike buƙatarsa."

"Haka jijiya take," in ji ta.

Makonnin farko Geeske ta koma yarinya. Tana zaune a miƙe kamar a kujerar coci, tana hango gonakin alkama har inda suka haɗu da sama, in ta so tsayawa ta taɓa da yatsa ɗaya. Har kasuwar garin gaba ta riƙa zuwa sayen kifi.

Wata rana da hantsi, gari garau, tana wucewa ta gaban gidan gonar Jurrien Boven sai ta ji 'yar ƙarar injin ta ɗauke. Keken ya rage gudu a hankali, ba fizga ba girgiza, kamar wani ya kama kariyar baya yana ja da ladabi, ya tsaya daidai ƙofar shinge. Ta sauke ƙafa. Ta duba batir, a cike yake. Ta tura, ƙafafun suka juya lafiya lau.

Jurrien na cikin lambu yana cire ciyawa a tsakanin kabeji. Tsoho ne ja, mai ƙarfi, da bai taɓa kwana a asibiti ba.

"Sista, lafiya? Ba ni na kira ki ba dai."

"Keke ne ya yi gardama."

"To tunda ya kawo ki, shigo ki sha kofi."

Ta shiga ta sha, da yankin kek mai citta. Ya yi mata hirar farashin taki da jikarsa da za ta yi aure. Kafin ƙarshen makon aka buga masa ƙararrawar mutuwa a coci. A kujerarsa aka same shi, da tabarau a hanci.

Geeske ba ta kawo komai a ranta ba. Tsoho ya mutu, ai ba labari ba ne. Ta gaya wa kanta ma wataƙila idonta ne ya hango wani abu a tafiyarsa tun daga nesa, yatsanta ya taɓa birki ba ta sani ba. Shekara arba'in ba wasa ba.

Na biyun ne ya hana ta sukuni. A bakin gari akwai tsohuwar makaranta da wasu miji da mata daga birni suka saya suka mayar gida. Ba ta san su ba, ko sunansu ba ta riƙe ba. Nan ma injin ya ɗauke, aka ja ta a hankali, aka ajiye ta a ƙofa. Babu kowa a waje. Ga ƙaramin keken yara a kwance a ciyawa, ga wanki a igiya. Can matar ta leƙo ta taga da jariri a kafaɗa, ta ɗaga mata hannu tana murmushi. Geeske ta ɗaga nata. Ta tsaya tana tunanin abin da za ta je ta ce, ta rasa. Ta tura keken har ta wuce gidan sannan ta hau.

Bayan 'yan kwanaki mijin ya haɗu da babbar mota a hanyarsa ta zuwa aiki, nesa da garin, a wurin da Geeske ba ta taɓa takawa ba.

Ranar da aka binne shi ta wuce shagon Ubbo. Ta gaya masa komai a tsaye, a taƙaice, yadda ta saba yi wa likita bayani. Bai yi dariya ba, bai kuma yarda ba. Ya rataye keken, ya juye man ya zuba sabo, ya sauya 'yar wayar inji, ya hau da kansa ya zagaya gari har ta gaban gidajen biyu. Ya dawo yana haki.

"Babu abin da ya same shi. Yatsanki ne, Geeske. Na ce miki ɗaya ya isa, ke kuma kin saba ɗora su a kai kamar na da."

"Na Jurrien na yarda. Mutumin makaranta fa? Ban taɓa ganinsa ba."

"An yi dace ne."

"Ruwa ba ya tsami banza."

Ya murza tsumma a hannu. "To ga yadda za a yi. Gobe da la'asar mu fita tare. Ki naɗe yatsunki duka a mariƙi, kada ki kusanci birki. Ni ina gefenki ina kallo. In ya tsaya, zan cinye sirdin nan da gishiri."

Kaka ta shigo, an kwashe dankali, gonaki sun zama baƙar laka. Suka fita da rana a sama, shi a kan tsohon kekensa na feda, ita tana rage gudu don kada ta bar shi. Suka wuce gidaje da dama, ko gezau. Ubbo ya fara tsokana, in sun tunkari gida sai ya ce, "Wannan fa? Mai gidan na tari tun bara."

Suna juyowa hazo ya taso daga teku, fari fat, mai danshi, ya haɗiye jinga da tumakin da ke kanta. A mararraba Ubbo ya so su bi doguwar hanya. Geeske ta ce gajerar za ta bi, gwiwarta ta fara magana. Sai da suka miƙa ta tuna dalilin da ya sa ba ya bin nan. Gidan yayarsa Hilje na kan hanyar. Tun da Hilje ta kai mahaifiyarsu gidan tsofaffi, tsohuwar ta mutu a can, Ubbo bai sake yi mata magana ba. Shekaru sun shuɗe suna haɗuwa a kantin gari kamar baƙi.

Ba a ganin komai sai bishiyoyin gefen hanya da ke fitowa ɗaya-ɗaya suna komawa. Ba a jin komai sai kukan sarƙar Ubbo da 'yar ƙarar injinta. Sai ƙarar ta ɗauke.

Geeske ta ƙanƙame mariƙin har gaɓoɓinta suka yi zugi. Ta ci gaba da taka feda da ƙarfi, amma kamar tana tuƙi cikin taɓo. Keken ya yi ta sanyi, ya yi ta sanyi, ya tsaya cak. Wata koriyar ƙofar shinge, a karkace, ta bayyana a gefensu. Ba ta kalli birkin ba. Fuskar Ubbo ta kalla, shi kuma idonsa na kan hannunta.

"Me ka gani?"

"Hannunki bai motsa ba."

"Birkin fa?"

Ya jingine kekensa, ya cire hula ya mayar, ya ɗaga ƙofar shingen da ke jan ƙasa, ya nufi gidan. Ta bi shi.

Hilje ta buɗe da ludayi a hannu. Gajera ce mai jiki, kumatunta ja. Ta dubi ƙanenta, ta dubi Sista.

"Wa ya mutu?"

"Babu kowa," in ji Geeske.

"Ƙofar shingenki ta karkace," in ji Ubbo. "Na zo in gyara."

"Yau ka gan ta? Ai ta kusa yin jika a haka." Ta matsa gefe. "Ku shigo, kuna sako mini sanyi."

Suna shan kofi Geeske na satar kallon Hilje: launin leɓe, numfashi, idon sawu, yadda take ɗaga buta. Ba ta ga komai ba. Daga baya ta lallaɓa ta suka je wurin likita, shi ma bai ga komai ba, ya ce da irin zuciyarta za ta binne su duka.

Ubbo dai bai saki jiki ba. Ya gyara ƙofar shingen. Kashegari ya dawo don indararo, jibi don matakalar bene da ya ce tana da santsi. Ya fara rufe shago da tsakar rana, abin da bai taɓa yi ba. Da ya ƙare abin gyarawa sai ya kwaso kayansa ya tare a ɗakin baya, wai gidan ya yi nisa da mutane. Suna faɗa kullum, a kan gishirin miya, a kan rediyo, har a kan mahaifiyarsu sun yi sau ɗaya, mai tsanani, suka kwana ba sa magana, da safe ta soya masa ƙwai.

A gari kuwa magana ta fara yawo, don babu abin da ke ɓuya a wurin da kowa ke hango kowa daga nesa. Mai sayar da burodi ta ce da Geeske, da dariya a baki amma babu ita a ido, "Sista, in za ki zo wurinmu ki riƙa tahowa a ƙafa mana, ai motsa jiki ne."

Makonni suka wuce. Ta haɗu da Ubbo a kanti yana sayen busasshen wake. Ya yi ƙiba kaɗan, an kuma yi masa aski.

"Jiya kwano biyu Hilje ta shanye," ya ce da ita ƙasa-ƙasa. "Kekenki maƙaryaci ne, tsohuwa. Kawo shi in sake dubawa."

"Sirdin fa? Ka ce da gishiri."

"Ina jiran Hilje ta dafa shi ya yi laushi."

Wata safiya wayarta ta yi ƙara, Hilje ce. Muryarta a daidai take. Ta ce ta juya ta sauke buta, da ta juyo ta ga Ubbo ya jingina kai da bango kamar mai hutawa, ta yi masa magana bai amsa ba. Ta ce ba ta kira likita ba tukuna, ita ta fara kira.

Geeske ta tsaya a zaure tana kallon keken. Tafiyar ta yi wa ƙafa nisa. Ta hau. Da ta iso koriyar ƙofar, wadda yanzu ke tsaye daram, injin bai ɗauke ba, ba a ja ta ba. Keken ya nemi wucewa abinsa, sai da ta sa yatsa ta tsayar da shi. Ashe keken ya gama da gidan nan.

Ta rufe masa ido, ta gyara masa kwala. Suka zauna su biyu a ɗakin girki suna jiran likita, kofin Ubbo na gabansa bai gama hucewa ba.

"Ya gaya mini abin da ya kawo shi," in ji Hilje. "Tun makon farko. Bai iya ɓoye abu ba, tun yana ƙarami."

"Ba ki ji tsoro ba?"

"Na ji. Har rigar da za a sa mini na goge na rataye."

Geeske ta dubi karkatattun yatsunta. "Ni na ce mu biyo ta nan. Shi doguwar hanya ya so."

"Da kun bi doguwar, wataƙila a shago za a tsince shi tsakanin tayoyi, sai wari ya kira mutane. Wataƙila kuma da yana can da ransa yana zagina. Ni da ke babu wanda ya sani." Ta tura mata faranti. "Ci kek ɗin nan, shi ya yanka."

Bayan jana'iza Fenna ta ɗauki keken a mota ta kai wani babban shago a birni. Suka duba suka ce ba su ga aibu ba, wanda ya yi aikin ya san hannunsa. Ta ce to a sayar a sayi wani. Geeske ta ƙi. Ba za ta miƙa wa wata baiwar Allah abin da ba za ta iya yi mata bayaninsa ba. Ba za ta koma birkin waya ba kuma, yatsunta ba za su iya ba. Zaman gida kuwa ta gwada shi na ɗan lokaci, ta ga shi ne zai fi saurin kashe ta.

Hilje na nan da ranta har yau, duk ranar Laraba Geeske na zuwa wurinta a bas. An mayar da shagon Ubbo wurin ajiye kayan coci. Matar tsohuwar makaranta ta koma birni da yaranta.

Geeske kuwa tana hawa kekenta kusan kullum, amma ta sauya hanya. Takan tura shi da hannu har bayan gari, sannan ta hau ta bi hanyar da ke wajen jinga, inda teku ke hannu ɗaya, tumaki a ɗayan, babu gida ko ɗaya har iya gani. A can bai taɓa tsayawa ba. In ta dawo, tun daga allon sunan gari take sauka, ta kashe injin, ta kama kan keken ta tsakiya inda yatsa ba ya kai birki, ta tura shi ta gaban gidajen mutane har cikin zaurenta. Fenna ta taɓa tambayarta me ya sa ba ta ƙarasawa a kai, ga gwiwa na ciwo, layinsu kuma gidanta ne kaɗai a ƙarshensa.

"Kowa a ƙofar gidansa yake tsayawa," in ji ta. "In na tsaya, ba zan san ni ce ko shi ne ba."